Mu huɗu za mu Paris, biyu na son ganin gari, biyu na son kasuwa: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu huɗu ne, ƙawaye tun muna sakandare, za mu je Paris a ƙarshen watan Yuni mu yi kwana shida. Biza ta fito, mun yanki tikiti. Biyu daga cikinmu gari suke son gani, ni da ɗayar kuma kasuwa ce a ranmu, ga tsaraba, ga sautun mutane, ga wasu kayan lefen ƙanena. Tun ba mu tashi ba mun fara saɓani a kan yadda za mu raba kwanakin. Ki taimaka mana da shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na yi shekaru a Paris, karatu ya kai ni, aiki ya riƙe ni, kuma baƙin da na tarba a filin jirgi na zaga gari da su ba zan iya ƙirga su ba. Saɓanin da kuka fara tun a gida bai dame ni ba, gara da ya fito yanzu. Wanda yake ɓata zumunci shi ne wanda ake haɗiyewa har sai an je bakin wani kanti, ƙafa ta kumbura, yunwa ta taso, ɗaya tana gwada takalmi na bakwai, uku suna tsaye suna duba agogo. Na ga ƙawaye sun sauka suna dariya, sun koma ba mai yi wa wata magana, kuma ba garin ne ya yi musu komai ba. Abin da ba su zauna suka yanke ba ne: kuɗin wa za a kashe, a kan me, kuma ko dole ne kullum a fita tare.

Ba dole ba ne. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma ita ce ta fi duk sauran. Ku karya kumallo tare, ku ci abincin dare tare, ku ware wurare uku ko huɗu da kowa za ta je, sauran lokacin ku rabu biyu-biyu ba tare da wata ta ji an yar da ita ba. Mace ɗaya kada ta fita ita kaɗai a kwanakin farko, amma biyu sun isa. Sannan ku sa kallo a gaba, sayayya a baya. Dalilin ba na ra'ayi ba ne. Wuraren kallo suna da ranakun rufewa da tikiti mai lokaci, kanti kuwa yana nan. Kuma wadda ta fara da kasuwa takan ƙarar da kuɗinta a rana ta biyu a kan abin da za ta gani da araha a rana ta biyar.

Maganar kuɗi ku gama ta kafin ku hau jirgi. Ku yi asusu ɗaya na abin da ya shafi kowa, wato masauki, kuɗin jirgin ƙasa, abinci da tikitin shiga wurare. Kowa ta zuba daidai, ku naɗa ma'aji guda, ta riƙa rubutawa a waya duk dare. Kuɗin sayayya kuwa kowa aljihunta, kuma ku yi alkawari tun yanzu cewa babu rance a cikin kanti. “Ara mini Yuro ɗari biyu, idan mun koma zan ba ki” ita ce maganar da na fi jin ta raba mutane, domin a Yuro aka ara, a Naira za a biya, kuma kafin a biya canji ya motsa. Idan har rance ya zama dole, a rubuta, a kuma faɗi da wane kuɗi za a mayar.

Sautu kuma ki yi masa iyaka. Duk wadda ba ta ba ki kuɗinta a hannu da hoton abin da lambar girmansa ba, ki ba ta haƙuri tun yanzu. A Paris ba a mayar da kaya daga Kano, idan takalmi ya matse wa mai shi, ke ce da asara da kuma ƙorafi. Ki tuna kuma duk mai shiga ko fita Tarayyar Turai da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 dole ya bayyana su ga kwastan, kuma kuɗin sautu da ke jakarki naki ake lissafa su. Wajen 'yan canji ku nemi ƙananan takardu, 'yan 50 da 20 da 10. Takardar 200 ko 500 ƙananan kantuna da yawa ba sa karɓa. Kowa ta tafi da kati aƙalla ɗaya da ta tabbatar da bankinta cewa yana aiki a waje, domin tikitin wuraren kallo ta intanet ake saye.

Masauki, ku nemi wanda bai wuce tafiyar minti biyar zuwa tashar metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, ba, wannan ya fi muhimmanci a kan a ce ana hango hasumiya ta taga. Ɗakunan otal a Paris ƙanana ne ƙwarai, mutum huɗu da akwati takwas ba za su shiga ɗaki ɗaya ba. Idan gida za ku kama mai kicin, wanda ni shi na fi so wa mata huɗu, ku tambaya ko akwai lif. Tsofaffin gine-gine da yawa hawa biyar ne ko shida, matattakala ce kawai siririya mai lanƙwasa. Ku tambayi na'urar sanyaya ɗaki ma, domin gidaje da yawa ba su da ita, kuma ƙarshen Yuni zafi kan yi tsanani. Ku sa ƙaramar buta a akwati, banɗakunansu babu abin tsarki.

Zirga-zirga kuwa metro ce uwa. Layi 16 ne, tun 1900 ake aiki da ita, kuma cikin gari duk inda kika tsaya akwai tasha kusa. Tun Janairun 2025 aka mayar da kuɗin tikiti bai ɗaya, kusan Yuro biyu da rabi duk inda za ki a yankin Paris, ban da filin jirgin sama da yake da nasa tikitin mai tsada. Akwai katin mako, Navigo, wanda kuɗinsa ya ɗan haura Yuro 30, yana kai mutum ko'ina har filin jirgi, sai dai makonsa daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba daga ranar da aka saya ba, kuma ana manna masa ƙaramin hoto. Idan Litinin ko Talata za ku sauka, ku saye shi, ku taho da hotunanku daga gida. Idan Juma'a ce, ku tsaya a tikitin ɗai-ɗai. Kowa da nata katin, kada biyu su bi ƙofa da kati ɗaya, masu bincike suna tsayawa a lungun tasha kuma tara nan take suke karɓa, ba sa jin “baƙuwa ce ni”. Ranar sauka daga filin jirgin Charles de Gaulle, da yake ku huɗu ne da kaya, tasi ya fi. Ku bi alamar tasi zuwa layin hukuma, kuɗin shiga gari ƙayyadadde ne, tsakanin Yuro hamsin da wani abu zuwa sittin da wani abu gwargwadon ɓangaren kogin da za ku. Duk wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa “tasi, tasi”, ku wuce shi.

Yanzu kallo. Wuraren da nake so ku je ku huɗu tare, na farko hasumiyar Eiffel ce. An gama ta a 1889, tsawonta yanzu mita 330. Ku sayi tikiti a shafinta na intanet makonni kafin tafiya, domin na lokacin zafi yana ƙarewa da wuri. Hawa har ƙololuwa ya haura Yuro 35, kuma gaskiya daga hawa na biyu an fi gane garin, daga can sama komai ya zama ƙanana. Mai ƙarfin gwiwa tana iya taka matakala 674 zuwa hawa na biyu da kuɗi kaɗan. Hoton da kuke gani mutane suna ɗauka da hasumiyar gaba ɗaya a bayansu, daga dandalin Trocadéro ake ɗaukarsa, a tsallaken kogi, kuma kyauta ne. Bayan duhu ya yi, a farkon kowace awa fitilunta suna walƙiya na minti biyar. Sai dai a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare, don haka ku shirya daren da za ku yi nisa a waje. A wannan yammacin ku haɗa da jirgin ruwa na kogin Seine, tafiyar kusan awa ɗaya, kuna zaune gadoji da manyan gine-gine suna wucewa ta gabanku, har majami'ar Notre-Dame da ta yi gobara a 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Ga wadda ba ta son tafiyar ƙasa, babu kuɗin da ya kai wannan amfani.

Gidan tarihi na Louvre ba na tilasta wa kowa shi. Fadar sarakuna ce a da, abin da aka baje a ciki ya kai guda 35,000, kuma tun Janairun 2026 baƙon da ba na Turai ba Yuro 32 yake biya. Masu son kallo su je, masu son kasuwa kada su biya wannan kuɗin don su ɗauki hoto ɗaya su fito. Ana rufe shi ranar Talata. Wadda za ta shiga ta zaɓi sashe biyu ko uku ta tsaya a kansu awa uku. Zanen Mona Lisa ƙarami ne, bai kai mita ɗaya ba, kuma ta bayan kawunan mutane za ki hango shi. Ni inda nake kai baƙina shi ne sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, inda za ki ga tasoshin tagulla masu aikin azurfa daga Masar da Sham, da dardumai, da rubutun Larabci a kan tangaran da katako, sai kuma sashen tsohuwar Masar. Daga nan a bi lambun Tuileries da ƙafa zuwa dandalin Concorde, inda a 1836 aka kafa dogon dutsen da aka ɗauko daga Luxor ta Masar, dutsen da ya haura shekara dubu uku.

Akwai wani gidan da 'yan yawon buɗe ido ke wucewa, ni kuwa nake roƙon duk ɗan ƙasarmu ya shiga, wato Quai Branly, 'yan taku kaɗan daga hasumiyar Eiffel, shi ne wuri na biyu da za ku je tare. Kayan Afirka da Asiya da Amurka ne a ciki. Daga nan aka fitar da kayan fadar Abomey guda 26 aka mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021, bayan sojojin Faransa sun kwashe su a 1892. Cikin abin da gidan yake riƙe da shi akwai sassaƙen yumɓu na Nok, garin da ke kudancin Kaduna, waɗanda Faransa ta amince a 2002 cewa mallakin Najeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro. Ranar da na fara tsayawa gaban kayan yankinmu a bayan gilashi, da fitila a kansu da mai gadi a gefe, na daɗe ban motsa ba. Daɗi da ciwo ne a haɗe, kuma ina so ku ji shi da kanku. Litinin ake rufe shi, haka ma fadar Versailles. Versailles ɗin tana da kyau, amma wuni guda take ci, a tafiyar kwana shida da rabinta kasuwa ce ni zan bar ta sai wani zuwan.

Wuri na uku da za ku je tare shi ne Babban Masallacin Paris, kusa da tashar Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yaƙi a ɓangaren Faransa a yaƙin duniya na farko, cikinsu har da mutanen Afirka ta Yamma. Ginin irin na Maroko da Andalus ne, hasumiyarsa mita 33, da tsakar gida mai lambu da ruwa. Akwai sashen mata. Idan Juma'a ta same ku a gari ku je da wuri, yana cika maƙil. A gefensa akwai wurin shan shayin na'ana'a da kayan zaƙi, nan za ku huta ku yi hira, lambun Jardin des Plantes kuma yana tsallaken titi.

Tun da mun zo nan, bari in yi maganar salla da abinci da sutura, domin a nan ne jita-jita ta fi yawa. Hijabi da abaya da mayafi babu mai hana ki sawa a titi ko kanti ko gidan tarihi. Hanin abaya da kuka ji a 2023 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Abin da doka ta hana tun 2011 shi ne rufe fuska a bainar jama'a, kuma tararsa tana kai Yuro 150, don haka idan akwai mai sa niƙabi a cikinku ta san da wannan tun a gida. Yawancin kantuna da tashoshi ba su da ɗakin salla, kuma ba a shimfiɗa darduma a titi. Ku tsara fitarku ta yadda za ku biya ta masallaci ko ku koma masauki. A Yuni Magariba tana kaiwa kusan goman dare, Asuba kuma tana shigowa tun dare bai raba sosai ba, barci yana ƙaranci. Maganar ƙasaru da haɗa salla ku tambayi malaminku kafin ku tashi, ku gaya masa adadin kwanakin, domin a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin matafiyi.

Abincin halal ba ya wuya. Unguwannin Barbès, Belleville, La Chapelle da Château Rouge cike suke da gidajen abincin Larabawan Magrib, Turkawa, 'yan Pakistan da 'yan Senegal da Mali, inda za ki ci shinkafa da miyar gyaɗa ko dafa-duka da kifi har ki manta ba a gida kike ba. A sauran wurare ki haddace kalmomi huɗu: porc, jambon, lardons, duk naman alade ne, vin kuma giya ce, ana zuba ta a miya. Kifi da ƙwai da kayan lambu su ne mafita. Ruwan famfo mai kyau ne, kuma idan kin ce carafe d'eau a gidan abinci kyauta za a kawo miki. Kuɗin hidima yana cikin lissafi, ba dole ne a ƙara komai ba. Ku taho da yajinku da garin kunu, amma kilishi da dambun nama ku bar su a gida, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje.

To, ga kasuwa. Kun yi sa'ar lokaci. A Faransa gwamnati ce take sa ranar babban rangwame, wanda suke kira soldes, sau biyu a shekara, mako huɗu-huɗu: na sanyi a Janairu, na zafi kuma yakan fara a Larabar ƙarshe ta Yuni. Ku duba ranar ta bana, idan ta faɗo cikin kwanakinku ku jera sayayyarku daga ita zuwa gaba. A kwanakin farko ragin bai kai na ƙarshe ba, amma a lokacin ne ake samun kowane girma da kowace kala.

Sai dai ba komai ake saye a Paris ba, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau saboda lefen nan. Gwal kada ki saya. Gwal ɗin Faransa yawanci karat 18 ne, kuɗin aiki da suna ake biya, alhali matanmu 21 da 22 suka sani, kuma ranar da aka kai shi wajen masu gwal a gida nauyi da karat za a duba. Wannan na Dubai ne da Saudiyya. Waya da kwamfuta ma ba su da araha a nan, madannan kwamfutarsu ma jerin haruffansu daban ne. Abaya, mayafai, zannuwan gado da kayan yara na yau da kullum, wadda ta san Istanbul ko Dubai za ta ga tsadarsu. Abin da Paris ta fi kowa a kai shi ne turare, man shafawa da kayan gyaran fata, jaka da takalmi na fata, da kayan manyan kamfanonin Faransa waɗanda a gidansu suka fi sauƙi kuma babu fargabar jabu. A lefe, turare biyu ko uku na asali, jaka ɗaya mai kyau da takalminta, da kayan shafa, sun isa su ɗaga akwati. Sauran a cike a Kantin Kwari.

Atamfa da shadda fa? Za ki gan su a Château Rouge, a layi na 4, unguwar da za ki ji Bambara da Wolof da Lingala, wani lokaci har Hausa. Ku je ko don ganin kasuwar titin Dejean, inda ake sayar da kuɓewa da manja da busasshen kifi a tsakiyar Paris. Amma ki sani atamfar Vlisco a garin Helmond na Holan ake buga ta, shaddar Getzner kuma a Bludenz na Ostiriya, kuma babbar kasuwarsu ita ce Afirka ta Yamma. Dilolinmu suna saro su da yawa, mai kanti a Paris kuwa yana biyan haya da haraji da Yuro. Kafin ki tashi ki shiga Kwari ki rubuta farashin turmi da na yadi, in kin je ki kwatanta. Sau da yawa za ki tarar babu ribar ɗauko ta, sai dai idan wani zane ne da bai iso gida ba.

Manyan kantuna biyu, Galeries Lafayette da Printemps, suna jere a titin Haussmann bayan gidan Opéra. Nan ne wurin da ƙungiyarku za ta fi jituwa, domin masu kallo za su ga rufin gilashi mai launi na Galeries Lafayette da aka gina a 1912, su hau saman bene su kalli gari kyauta, ku kuma kuna ƙasa wajen turare. Kayan masu matsakaicin kuɗi, irin su Zara da H&M da Mango, suna titin Rivoli da Forum des Halles. Babban titin Champs-Élysées a je a gani, a ɗauki hoto a babbar ƙofar tarihi ta Arc de Triomphe, wanda ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake isa gare shi ba ta tsallaka titi ba, amma shayi ma a can ninki ne. Man shafawa a kantin magani ake sayensa, akwai wani sananne mai araha a titin Four a unguwar Saint-Germain, Citypharma, ku je da safe kafin ya cika. Idan manyan sunaye kuke so da ragi, sai La Vallée Village, a layin jirgin ƙasa na RER A wajen tashar Val d'Europe, tafiyar kamar minti arba'in. Kayan shekarar da ta wuce ake sayarwa a can, ga kuma babban rukunin kantuna a gefensa. Wuni guda ne cur, ranar nan masu kallo su tafi Louvre ko unguwar Montmartre abinsu.

A kanti ba a tayi. Farashin da ke jiki shi ne, babu albarka babu ragi, sai a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen da ke ci Asabar da Lahadi da Litinin. Kuma duk kantin da kika shiga ki fara da bonjour. Mu da muka san darajar gaisuwa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, kuma yawancin labarin da ake bayarwa na cewa mutanen Paris ba su da fara'a daga rashin wannan kalma ɗaya yake farawa. Jakunkuna da tabarau da ake shimfiɗawa a ƙasa kusa da hasumiya ko bakin kasuwa jabu ne, kuma a Faransa mai saye ma ya yi laifi, kwastan suna iya ƙwacewa su ci tara.

Akwai kuɗin da 'yan'uwanmu suke bari a baya saboda rashin sani, wato détaxe. A cikin farashin yawancin kaya akwai harajin kashi 20 cikin ɗari, kuma baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana da haƙƙin a mayar masa da wani kaso, yawanci wajen kashi 12 bayan kamfanin da ke aikin ya cire nasa. Sharaɗin shi ne sayayyarki a kanti ɗaya ta haura Yuro 100. Ki nuna fasfo ɗinki na ainihi, su ba ki takarda mai lambar da na'ura ke karantawa. Ranar tafiya, kafin ki miƙa akwati, ki je na'urorin da aka rubuta wa PABLO a filin jirgi ki nuna takardar. Idan allo ya yi kore an gama, idan ja ne sai ki je teburin kwastan, kuma suna iya cewa ki nuna kayan, shi ya sa ba a miƙa akwati tukuna. Sunan da ke fasfo da na takarda da na katin da aka biya da shi su zama ɗaya, wannan ma wani dalili ne na kada wata ta biya wa wata. Kaya iri ɗaya masu yawa da suka nuna na sayarwa ne ba sa shiga wannan tsarin. A kan jakar Yuro 1,000, abin da zai dawo miki ya kai 120, ba kuɗin da za a bari ba ne. Na taɓa raka wata baiwar Allah da ta tara takardu na sayayya mai yawa, ta miƙa akwatunanta tun farko saboda sauri, na'ura ta nuna ja, jami'in ya ce a kawo kaya, kaya kuwa sun riga sun wuce. Haka ta hau jirgi ba ta samu ko sisi ba.

Ɓarayin Paris ba sa fito-na-fito, yankan aljihu ne da dabara. A layi na 1 da na 4, da RER B, da gindin hasumiya, da matakalar majami'ar Sacré-Cœur suka fi yawa. 'Yan mata za su zo da takarda wai ki sa hannu don taimakon kurame, hannu ɗaya yana riƙe da takardar ɗayan yana cikin jakarki. Wani zai kama wuyan hannunki ya ɗaura zare ya ce ki biya. Wani zai tsinci zobe a gabanki ya ce ko naki ne. Kada ki tsaya, kada ki amsa, ki ce non merci kina tafiya. Jaka mai zif a rataye ta gaba, ƙarƙashin hijabi ya fi, waya kada ta kwanta a kan tebur, kuma a kusa da ƙofar metro a riƙe ta da kyau lokacin da ƙofa za ta rufe. Ranar sayayya kada ku shiga metro da manyan ledoji masu sunan kanti, ku zuba su a jaka marar suna ko ku ɗauki tasi. Kowa ta ajiye hoton fasfo da biza a waya da kuma a takarda a masauki, ta rubuta adireshin masaukin a takarda ta sa a jaka saboda ranar da caji zai ƙare. Lambar gaggawa 112 ce, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana titin Victor Hugo. Ku yi yarjejeniya ɗaya: idan ƙofar metro ta rufe ta raba ku, waɗanda ke ciki su sauka a tasha ta gaba su jira a inda suka sauka.

Daren ƙarshe kada ku sa komai a cikinsa sai haɗa kaya. Ku duba tikitinku ku ga akwati nawa aka ba kowa, yawanci kilo 23 ne kowane ɗaya, kuma kilon wata ba ya rufa wa wata asiri idan akwati ɗaya ya yi nauyi, kowane akwati da kansa ake aunawa. Ku taho da ƙaramin sikeli na hannu, ku kuma zo da akwati ɗaya kusan babu komai a ciki. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 a babban akwati ake sa su, a naɗe cikin tufafi, kwalba a tsakiya. Kayan da kuka yi wa détaxe ku jera su a sama inda hannu zai kai da sauri, takardunsu da rasit a jakar hannu tare da fasfo. Ku bar masauki yadda za ku isa filin jirgi awa huɗu kafin tashi, domin a lokacin rangwame layin kwastan yana da tsawo, ku kuma huɗu ne, kowa da takardunta.